Tana Tahe

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina riƙe da kofin shayi ɗiyarsa ta kira ni: Malam Isiyaku ya rasu.

Na yi kuka. Sai kuma na kama kaina ina dariya ni kaɗai, don ba a tuna mutumin nan fuska a ɗaure.

Tare muka koyar a Dutsin-Ma ƙarshen shekarun saba'in, ni lissafi, shi aikin ƙarfe. Shi ke gyara mani Vespa, kuma in na ce na gode sai ya ce in daina ɓata masa lokaci.

Wata rana ya faɗo ofishin malamai da wata mujalla, yana ta zumuɗi. Wai ya samu wani ɗan ƙaramin kamfani a Ingila da ke aiko mota gunduwa-gunduwa cikin akwatunan katako, kai ka haɗa abarka. Ya riga ya yi oda. Ya ma je Kurfi ya yi wa mahaifiyarsa, Inna, alkawari: zai zaga da ita gari a motar da ya haɗa da hannunsa.

Jama'a, kamfanin nan ya koya mana haƙuri! Gangar jiki ta iso, ja wur, ba tayoyi. Tayoyi suka iso bayan damina, ba kujeru. Duk wanda ya ce, "Malam, ina mota?" amsa ɗaya ce: "Tana tahe." Har sunan ya bi motar, ya bi shi. Kaji suka yi ta ƙwai a cikinta.

Ni mai saurin fushi ne, kun sani. Na ce ya rubuta masu zagi. Ya ce, "Malam Sani, mutanen ba su da yawa, da hannu suke yi. Ka taɓa ganin maƙeri ya yi sauri ya yi kyau?"

Ana haka Inna ta fara ciwo, idonta ya fara tafiya. Sai ga sitiyari ya iso, abu na ƙarshe da muke jira kafin ta tashi. Muka fasa akwati muna ihu. Ashe na hannun dama suka aiko, irin na ƙasarsu, sun manta mu mun daɗe da sauya hannun tuƙi.

Na ce, "Ɗaura shi haka nan! Tsohuwar nan ba jiranka za ta yi ba."

Ya girgiza kai. "In na zauna dama, Inna ta koma gehen da manyan motoci ke wucewa. Ba ni sa uwata bakin tirela."

Ya mayar masu da shi. Wallahi na yi fushi, har gaisuwa na rage. Duk ranar da ya dawo daga duba Inna, ba na iya kallon fuskarsa.

Sai da wata damina ta zo ta wuce na hagun ya iso.

Ranar da Tana Tahe ta tashi, kai! Ajujuwa suka watse, hedimasta da kansa ya fito yana tafi. Kujera biyu gare ta, ba rufi, ƙara kamar injin niƙa. Ya kama hanyar Kurfi, ni a baya kan Vespa, masu kekuna na bin mu. Ranar kasuwa ce. Mutane suka bar ciniki suna ihu, "Ta iso! Ta iso!"

Aka riƙo Inna har ƙofar gida. Ba ta gani sosai, sai ta bi motar da tafin hannu, daga gaba har baya. Ya zaunar da ita dama, gefen da ba abin da zai taɓa ta. Ta ɗaga hannu sama tana neman rufi, ta lalubi iska.

"Isiyaku, ina ruhinta?"

"Shina tahe, Inna."

Tsohuwar nan ta yi dariya har da hawaye. Ya zaga da ita kasuwa, tana ɗaga wa ƙawayenta hannu. Ba ta kai wata damina ba, amma ta hau.

Rufin bai taɓa zuwa ba. Da Sallar da ta wuce na je gaishe shi, motar na zaure, jikoki na wasa a ciki. Na tsokane shi, "Malam, ina rufi?" Ya yi dariya ya riƙe mani hannu. "Bar batun ruhi, Malam Sani. Wadda ba ta saɓa lokaci ita ke tahe yanzu."

Yau ta iso.

Allah Ya jiƙanka, abokina. Yadda ka kare mahaifiyarka, Allah Ya kare ka daga azabar kabari, Ya sada ku a Aljanna. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa Malam Isiyaku da Inna a addu'a.