Gaisuwar Safiyanu

A ƙauyenmu na gefen Auyo babu gayyar da Safiyanu bai je ba. Yankan shinkafa, saran ciyawar kacala mai toshe hanyar ruwa, jan kwalekwale, shi ne kan gaba da laujensa. Amma shi bai taɓa kiran gayya ba. Ko buhu ya danne shi, ka ce a kama masa, sai ya ce ba komai. Wannan hali nasa yana ba ni haushi ƙwarai.

Bana shinkafarsa ta nuna, ruwan kogi na ta hauhawa, ga ciwon baya ya sa shi gaba. Matarsa Ramatu ta ce ko ya fita ya kira mutane, ko su ci kacala da rani. Ya zura babbar riga ya fita.

Gida gida ya bi. Ya gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi shanu, har akuyar da ta haihu ya tambaya. In ya zo kan maganar sai harshensa ya ƙage, ya sunkuyar da kai ya ce a yafe masa, ya tashi. To, mutum mai dafe da ƙugu yana bin gidaje yana neman yafiya, me za a ɗauka? Kafin la'asar magana ta zaga cewa likita a Haɗeja ya gaya masa ya shirya.

Washegari gidansa ya cika da 'yan dubiya. Mata da kwanukan kunu, liman da addu'a. Taubashinsa Auta masunci, wanda kullum tsokanarsa yake, ya zauna yana sharar hawaye. Ramatu ta tsaya a bakin ƙofa ta zuba wa mijinta ido.

Safiyanu ya yi gyaran murya, gumi na keto masa.

"Jama'a, lafiyata ƙalau. Shinkafata ce ruwa zai ci. Ku taimake ni."

Auta ya goge ido ya ce a biya shi kukansa. Aka kwashe da dariya, kowa ya nufi gida ɗauko lauje. Muka yi yanka cikin ruwa har gwiwa, muna loda dammuna a kwalekwale. Amma gangaren gonar ya riga ya nutse, ko zangarniya ba a gani.

Safiyanu ya tsaya yana kallon wurin, har ya ba ni tausayi. Auta ya dafa kafaɗarsa.

"Wancan ba kogi ne ya ci ba, ɗan'uwa. Shirunka ne."