Neman Shuɗin Misira a Washington

Asabar, Greensboro

Ƙarfe biyar da rabi, muna idar da sallar asuba, muka bar gidanmu na unguwar Glenwood. Maigidana Malam Habu ne a sitiyari, ni da taswira a cinya, mahaifiyata Hajiya a baya rungume da kwanon dambun nama. Watanta biyu ke nan da zuwa daga Kano.

Abin da ya tashe mu aikina ne na kammala karatun ginin yumɓu. Na ɗauki nauyin kwaikwayon 'yan mutum-mutumin nan shuɗaye da Misirawan da can suke binnewa tare da mamatansu. Ba da laka ake yinsu ba. Dakakken farin yashi ne da kanwa da ɗan garin tagulla, a kwaɓa, a siffanta, a shanya, a gasa. Sau huɗu ina gasawa, suna fitowa toka-toka kamar tsohon sabulu. Saura mako biyu in miƙa aikin, in na faɗi kuwa sai maimaita shekara. Malamata ce ta haɗa ni da wata mai kula da irinsu a wani gidan tarihi a Washington, tafiyar mil ɗari uku da 'yan kai.

Petersburg

Mun wuce Durham gari ya waye. Tara saura kwata muka tsaya shan mai a Petersburg, galan dala ɗaya da 'yan canji. Hajiya ba ta yi wa surukinta magana kai tsaye, sai ta bakina.

"Gaya masa ya rage gudu. Gumakan nan ba tserewa za su yi ba."

"Hajiya, ba gumaka ba ne, project ɗin makaranta ne."

"Ko ma mene ne."

Malam Habu ya danne dariya, ya rage.

Washington

Sha ɗaya da rabi muka isa, bayan mun ɓata sau biyu, laifin mai riƙe da taswira. Matar gidan tarihin, wata dattijuwa mai fara'a, ta kai mu gaban gilashi. Ga su nan a jere, kowanne bai wuce tsawon tafin hannu ba, hannaye harɗe a ƙirji riƙe da fartanya, ɗan buhu rataye a baya. Shekaru dubbai, amma shuɗin yana sheƙi kamar jiya aka sauke su daga wuta. Daɗi ya kama ni, kishi ma ya kama ni.

Na fassara wa Hajiya bayanin matar: Misirawa sun ɗauka in aka kira mamaci aikin gona a lahira, waɗannan ne za su amsa su yi masa.

"Ikon Allah," in ji ta. "Mutum ya mutu ma yana neman 'yan ƙwadago?"

Na fito da nawa na nuna wa matar. Ta jujjuya shi, ta ce yayin bushewa kanwar tana tasowa saman jiki, fara kamar gari, kuma wannan garin ne wuta take narkarwa ya zama shuɗi. Na ce na karanta haka, amma nawa ba su taɓa fitar da shi ba. A taga nake shanya su in tafi makaranta, in dawo in tarar da su tas.

Ina cikin fassarawa sai na ga Hajiya ta ja mayafi ta rufe baki.

"Farin gari? Mai kama da fumfuna?"

"Shi fa."

"Yo ai ni nake goge shi kullum da hantsi. Na zaci datti ne. Har tsumma na ware musu."

Na yi dariya har da hawaye. Malam Habu ya laɓe bayan ginshiƙi don kada surukarsa ta ga tasa. Makonni ina zargin kaina da daƙiƙanci, ashe tsaftar Hajiya ce. Mun kwana a Maryland gidan abokin Malam Habu, aka cika mu da tuwon shinkafa miyar kuka.

Lahadi, gida

Mun taso takwas na safe, mun shigo Greensboro ƙarfe biyu lafiya lau, alhamdu lillahi. Allah Ya saka wa dattijuwar nan da masu masaukinmu. Ko hutawa ban yi ba na kwaɓa sabo, na siffanta goma sha biyu na shanya.

Hajiya ta ja kujera gaban taga ta zama mai gadi. Kwana uku farin garin ya rufe su. Ran Laraba Malam Habu ya miƙa hannu zai buɗe tagar, sai Hajiya ta manta da kunya ta ce masa kai tsaye, karon farko tun zuwanta, "Kai, matsa. Kada ka taɓa mana."

Ran Alhamis na kai su wuta, ran Juma'a na buɗe murhun makaranta. Duka goma sha biyun sun fito shuɗaye shar.