Idon da Ya Lumshe a Rana

A wani ƙaramin kamfani a Kudenda, cikin Kaduna, na zana allon lantarki na farko a rayuwata. Aikinsa ya ɗauko hoto daga kyamara ya kai wa kwamfuta ta wasu siraran layuka biyu na tagulla, da gudun da hankali ba ya kamawa. Tagwaye muke ce musu, don dole tsawonsu ya zo ɗaya saƙo ya isa tare. Idan aka jona na'urar gwaji sai ta zana wani abu kamar ido. In yana buɗe, saƙo lafiya. In ya runtse, kuskure ya shiga.

Idon allona ya buɗe tarwai. Oga ya ce in zanen ya wuce masana'anta ranar Juma'a, ni zan riƙe babban zane na gaba. Tun a ranar na baza labari a gidanmu a Makera.

Mai gwajinmu wani dattijo ne ɗan Kudancin Kaduna, Baba muke kiransa. Ya ɗauki allon ya sa a akwatin ƙarfe, ya ajiye a tsakar rana, ya jawo waya ta taga.

"Baba, gasa shi za ka yi?"

"'Yata, a Rido za a kafa shi, a waje. Can ba esi mai sanyaya shi."

Kafin azahar ido ya fara lumshewa. Raina ya ɓaci sosai. Na ce waya ce, ya canza ta. Na ce janareta ne, ya koma batir. Da na rasa wanda zan ɗora wa laifi, na buɗe zanena na auna. Ashe na karkatar da ɗaya daga tagwayen don ya kauce wa ramin noti, ya fi ɗan'uwansa tsawo da abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba. A sanyi allon yana jurewa, zafi ne ya tona shi.

Baba ya ce shi ba zai kai wa oga magana ba, zanena ne. Na yi kusan awa ina kallon ƙofar oga kafin na shiga.

Ya saurare ni tsaf, ya ce na kyauta. Sannan ya ba wani abokin aikina babban zanen, ni kuwa ya mai da ni ɗakin gwaji wurin Baba. A keke napep na yi ta kuka har gida.

Tuni Baba ya yi ritaya, ɗakin yana hannuna yanzu, kuma ana cewa na iya. Amma ban sake zana allo ba, kuma har yau abin yana yi min ciwo.