Takardar da Baffa Ilu Ya Ɗaga wa Ƙafa

Baffa Ilu, ƙanen mahaifinmu, mutum ne mai bin diddigin tsiya. Ko Kasuwar Singa ya aike ka, sai ka maimaita masa saƙon kafin ka sa takalmi. A gidanmu na Fagge mun sha zolayarsa a kan haka.

Lokacin da kuɗin man fetur suka cika gari, wani kamfanin saƙa da Baffa yake wa aiki ya sayo kwamfuta, girmanta ya kusa cika ɗaki. Masu tsara mata aiki sukan raba shi sashe-sashe, kowane sashe da takardar bayaninsa: me yake karɓa, me yake fitarwa. Baffa ne mai duba takardun. Sai ya miƙa wa wanda bai san aikin ba ya karanta. Da mutumin ya yi tambaya ɗaya, takarda ta koma wa mai ita ke nan.

Mutum ɗaya ya taɓa ɗaga wa ƙafa, amininsa Celestine na Sabon Gari. Celestine ya dawo Kano bayan yaƙin basasa bai tarar da ko tsinke nasa ba. Shi ya rubuta sashen da ya haɗa sauran, yakan ce wannan kam ba mai rushe masa shi. Bayanin kuwa bai cika rabin shafi ba.

"Celestine, wannan bai isa ba," in ji Baffa.

"Haba Malam Ilu! Ina za ni? Mai tambaya ya zo ya same ni."

Baffa ya ji nauyin ƙure aboki, ya sa hannu.

Da damina Celestine ya rasu a haɗarin mota a hanyar Zariya. Ba a jima ba sashensa ya cije. Baffa ya roƙi manaja kada a yar da aikin, ya yi wata da watanni yana fama, har ya rame, amma ba wanda ya gane kan sashen. Aka ɗauko wasu daga Legas suka sake komai. Na Celestine aka zuba a shara.

Da Kirsimeti matarsa Agnes ta kawo mana shinkafa, kamar yadda suka saba. Ina zaune a soro ta ce wa Baffa, "Malam, har yanzu da aikin maigidana injin nan yake tafiya, ko? Haka nake gaya wa yara."

Baffa, wanda bai taɓa barin tambaya ta wuce ba amsa ba, ya sunkuyar da kai. Tausayinsa ya kama ni.

"Ki gaida min yaran," ya ce.