Gadar da Ta Yi Lilo

Shekara talatin da bakwai mai walda ya yi yana sana'arsa a kan magana ɗaya: in kowane guntu lafiya yake, aikin ma lafiya yake. Ba ya barin gaɓa sai ya ƙwanƙwasa ta da 'yar guduma ya kasa kunne. Ƙofar da ya haɗa ba ta taɓa dawowa gyara ba. Shi ya sa masaƙar unguwa ta ba shi aikin gadar ƙafa a kan rafin da ma'aikatanta ke tsallakawa.

Ranar da aka buɗe ta yana tsaye a gefe. Aka tashi daga aiki, mutum kusan ɗari biyu suka hau. Sai gada ta fara lilo, a hankali, sannan da ƙarfi. Mata suka ƙanƙame ƙarfen gefe, wani dattijo ya durƙusa. Ba wanda ya faɗa ruwa, amma manajan masaƙar ya ce wa mai walda ya nemo inda gadar ta lalace kafin Asabar, ko a yanke ta.

Kwana uku yana bin gaɓoɓi da guduma, duk suka amsa garau. Ya yi tsalle a tsakiyar gadar, ko gezau.

'Yarsa, malamar kimiyya, ta kawo masa abinci, ta tarar da shi zaune a kai.

"Uwata, wanne ne mai laifin? Nuna min in cire shi."

"Babu, Baba. Gadar ta ɗan motsa ne, kowa ya gyara taku don kada ya faɗi, sai takunsu ya zama ɗaya. Shi ke tura ta."

"Wa ya fara?"

"Ba wanda ya fara."

"Ke da bokonki. Abu ba ya cikin ƙarfe, ba ya cikin mutum, to a ina yake?"

"A haɗuwarsu. Masana ma ba su gama gardamar ba. Wasu na cewa in ka san ƙananan guntaye ka san komai, wasu na cewa taro na da halin da ba ka samu a guntu."

Ya daɗe yana kallon gudumar. Abincin ya huce.

Ranar Asabar manaja ya ce, "Ka samo?"

Da ya nuna kowace gaɓa ya ce ita ce, da an yarda da shi.

"Ban samu ba, ranka ya daɗe. Kada kowa ya sake hawa."

Da hannunsa ya gitta ƙarfe a bakin gadar ya yi masa walda. Ya ƙwanƙwasa, don sabo. Ƙarfen ya amsa garau, amma hankalinsa bai kwanta ba.