Kwat Mai Maɓalli a Hagu

Mahaifina ɗan gayu ne, kuma ba don yabo na faɗa ba. Manomi ne a Balan kamar kowa, da damina za ka same shi cikin taɓo har ƙwauri, amma da an kai amfani gida sai ya koma wani mutum daban. Ya fito da shaddojinsa daga akwati, a kai wa mai bugu a Gaya, a dawo da su suna ƙyalli, ya kafa hula ya ɗan karkata ta wajen kunnen dama. Sana'arsa ta rani sayen gyaɗa, yana bin kasuwanni a babur, Ajingi da Gaya da ƙauyukan da ke tsakani. Mutumin da zai wuni yana zura hannu a buhu, me ya haɗa shi da farar shadda? Inna, mahaifiyarmu, ta yi wannan tambayar har ta gaji. Amsarsa ɗaya ce kullum, wai in mai kaya ya gan ka a wulaƙance raina tayinka yake yi.

Matsalar kawai ƙirjinsa. Tun ina yaro na san tarin Baba, ko a cikin mutum ɗari zan ware shi. Da sanyi ya sauko numfashinsa yake fara fita da ƙara kamar ana busa ƙaramin usur. Ga shi kuma lokacin gyaɗa shi ne lokacin sanyi, dole ya hau babur da an sallame asuba don ya tari masu kaya kafin wasu su riga shi. Iskar wannan lokacin a kan babur, wanda bai taɓa shan ta ba ba zai gane ba, har haƙoranka sai sun yi ciwo.

Inna ta saya masa suwaita ya sa ta ciki, ya duba madubi ya ce ya zama buhun gyaɗa, ya tuɓe. Aka kawo jaket irin mai kumburin nan, ya ce wannan ta 'yan acaɓa ce, kuma gajarta gare ta, tana tattare rigar mutum a ƙugu ta ɓata guga. Haka ya yi shekaru yana fita daga shi sai shadda da singileti, ya dawo ya kwanta kwana uku, ya tashi ya sake fita.

Sai wata ranar kasuwar Gaya ya dawo da kwat daga wajen 'yan gwanjo. Doguwa ce har ƙasan gwiwa, ruwan toka, ulu mai nauyi, da manyan maɓallai baƙaƙe da bel a ƙugu da kwala mai faɗi wadda in ya ɗaga ta take rufe masa kunnuwa. Abin da ya fi burge shi, ta matse a sama ta buɗe a ƙasa, sai rigarsa ta zauna a ciki lafiya lau ba ta yamutse ba. In ya isa kasuwa ya ɓalle maɓallan, shadda ta bayyana kamar yanzu aka ɗauko ta daga wajen mai bugu. Wallahi ta yi masa kyau. Mutane har juyowa suke yi su kalle shi. Sanyi shida ya yi da kwat ɗin nan, kuma a cikin shidan nan ban tuna ya kwanta ko sau ɗaya ba. Inna da kanta take shanya ta, ta kakkaɓe, ta ninke ta da ƙwallon kafur in zafi ya shigo.

Ni ne ɗan fari. A gidanmu ana riƙe da kunyar ɗan fari sosai, Baba bai taɓa kiran sunana ba, kuma ba ma zama mu yi hira. In yana da magana da ni, Inna yake gaya wa ko da ina tsaye a wurin: "Ki ce wa yaron nan ya duba tayar babur." Ni ma ta wajenta nake mayar da amsa. Ba ƙiyayya ba ce, haka muka taso muka gani.

Na tafi Kano na zauna a shagon wani mai sayar da kayan sawa, na shekara biyu. A can na koyi abubuwa da yawa marasa amfani, cikinsu har da wannan: wai a ɗinkin Turawa, rigar maza maɓallanta a dama suke, ta mata kuma a hagu. Ranar da aka nuna mini sai na ji kamar an ba ni digiri. Na dawo gida hutu da sanyi, ina tafe ina jin kaina, wando matsattse, takalmi mai tsini, ina jefa Turanci a magana ko ba a tambaye ni ba. Da safe Baba ya fito zai hau babur, na kalli kwat ɗin, idona ya sauka a kan maɓallan. A hagu suke. Na dubi matsewar ƙugun da buɗewar ƙasan, na gane dalilin da ya sa take karɓar doguwar riga haka.

Da na yi shiru da shi ke nan. Amma ilimin banza ba ya zama a ciki, ƙaiƙayi yake yi.

Akwai taubashin Baba a Toranke, ɗan gwaggonsa, muna ce masa Baffa. Tsakaninsa da Baba wasa ne tun suna yara, irin wanda ba a fushi da shi, duk abin da ya ga dama zai faɗa kuma dole a haɗiye. Ranar kasuwar Ajingi na raka Baba don in kama masa awo. Baffa ya zo rumfar ya zauna kusa da ni yana tsokanata, wai na je birni na dawo ba abin da na iya sai taje kai. Ni kuma don in nuna masa na san wani abu, na matsa kusa da kunnensa na ce, "Baffa, ka san kwat ɗin Baba ta mata ce?" Na nuna masa maɓallan, na yi masa bayani dalla-dalla kamar malami.

Ban rufe baki ba ya miƙe. A tsakiyar 'yan gyaɗa, ga masu kaya ga dillalai ga 'yan dako, ya tafa hannu ya ce, "Jama'a ku zo ku gaida Hajiya. Ashe shekara shida da matar Bature muke ciniki ba mu sani ba." Ya kama bel ɗin yana juya Baba, yana cewa a dubi ƙugu. Aka fashe da dariya. Wani ya ce ƙarya ne, Baffa ya nuna ni ya ce, "Ga ɗansa nan, shi ya faɗa, kuma sana'arsa ce a Kano."

Baba ya yi dariya tare da su, don wasan taubashi ba a ɓata rai. Bai kalle ni ba. Ya ci gaba da cinikinsa har la'asar. Da za mu tafi ya ninke kwat ɗin ya ɗaure ta a bayan babur tare da buhunan da ba a cika ba, ni na zauna a kanta har gida.

Washegari ya fita daga shi sai shadda.

Na ɗauka fushin kwana biyu ne. Inna ta yi magana, ya ce zafi yake ji. Ta sake yi, ya ce in ta ƙara zai bar cin tuwonta. A kasuwa kuwa sunan ya riga ya bi shi, yaran da ba su kai ni ba suna cewa rumfar Hajiya. Na rasa yadda zan yi in ba shi haƙuri. Wani ɗan zai shiga ɗakin ubansa ya durƙusa ya ce na yi kuskure, ni ban taɓa shiga ɗakin nan na zauna ba, ban san ta inda ake farawa ba. Na aika Inna. Ta dawo ta ce ya ce ba komai, ai gaskiya yaron ya faɗa, gara da aka gaya masa.

Na koma Kano na nemo doguwar kwat ta maza, baƙa, maɓalli a dama, na kawo. Ya sa ta a gaban Inna. Ɗinkin maza miƙaƙƙe ne, ta matse rigar a cinya, ta ƙi rufuwa sosai. Ya tuɓe ya ce a yi wa yaron godiya. Bayan mako na gan ta a jikin ladanin masallacinmu.

Sai na yi wata dabarar da har yau in na tuna nake jin haushin kaina. Na sa Inna ta sato mini tsohuwar kwat ɗin, na kai wa wani tela a Gaya, na ce ya mayar da maɓallan dama, ya toshe tsoffin ramukan ya huda sababbi. Ya yi iya yinsa, amma ulu ba ya ɓoye tabo, ga layin ɗinki nan shida a jere kamar tsagar fuska. Inna ta shimfiɗa wa Baba ita a kan gado. Ina tsakar gida ina jin su. Ya duba ta, sannan ya ce, "Ki tambaye shi, ƙugun fa, shi ma ya mayar da shi na maza?" Ya ce a fitar masa da ita daga ɗaki.

A sanyi na biyu ciwon ya kama shi da gaske. Ya dawo daga Ajingi jikinsa na rawa, kafin kwana biyu ba ya iya ƙarasa kalma sai ya tsaya ya nemi iska. Muka kai shi asibiti aka ce limoniya ce a kan tsohon ciwo. Ya yi kwanaki a kwance, ya tashi, amma ƙirjin bai dawo ba. Likitan ya ba shi abin shaƙa, ya ce mana a fili, huhun ya riga ya gaji, sanyi da iskar babur su ne abokan gabarsa, in ya sake kwanciya irin wannan ba lallai ya tashi ba.

Baffa ya zo dubiya. Ya zauna a bakin gado ya kasa wasa, mutumin da ban taɓa ganin bakinsa a rufe ba. Ya ce, "Ɗan'uwa, ka san bakina, ka yafe mini." Baba ya ce ai ba a yi komai ba. Ina tsaye a ƙofa na lura da jaket ɗin da ke jikin Baffa, ja mai duhu, maɓallanta a hagu. Da na fita na dubi masu jinya da ke zaune a rana, na ga wani dattijo da irinta, na ga wani ma. Rabin garin nan kayan mata suke sawa da sanyi, ba wanda ya sani, ba wanda ya damu, suna cikin ɗuminsu lafiya. Mutum ɗaya na zaɓa na tona, shi ne wanda ya fi kowa buƙata. Ban ce wa Baffa komai ba. Na koyi yin shiru a lokacin da shirun ba zai amfani kowa ba.

Na bar Kano na dawo gida na karɓi sayen gyaɗar. Na yi zaton in na ɗauke masa fitar zai zauna. Ina. Ya ce masu kaya shi suka sani, ni ban iya duba gyaɗa ba, kuma gaskiyarsa ne. Abin da aka samu kawai shi ne ya yarda in riƙa tuƙa shi. Na gwada komai. Na kawo rigar ciki mai ɗumi irin siririyar nan wadda ba ta nunawa, ya juya ta ya ce ta yi kama da ta mata, wa ya sani. Yanzu duk abin da ya fito daga gwanjo ko daga hannuna zarginsa yake yi. Na kawo rawani, ya ce shi ba dagaci ba ne. Inna ta daina magana, sai dai ta ɗumama masa kunu ta tsaya a zaure tana kallonmu.

Bana sanyin ya zo da wuri. Makon jiya muka fita Ajingi, yana sanye da shadda ruwan sararin samaniya wadda ta sha bugu, hula a karkace, ya yi kyau kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ya rame har rigar tana yawo a jikinsa. Ni na sa babbar riga a kan jaket, ba don ado ba, don in yi faɗi in tare masa iska. Na miƙe zaune sosai, na buɗe kafaɗu, na riƙe babur a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Duk da haka ina jin ƙirjinsa a bayana, yana shaƙa yana tsayawa, usur ɗin ya koma wani abu mai kauri. Yatsunsa da ya riƙe kafaɗata da su, ta cikin riga biyu ina jin sanyinsu.

Mun wuce gonakin da aka girbe, rana ba ta fito ba tukuna, na ƙara rage gudu. Sai na ji ya yi tari mai tsawo, ya tofar gefe, ya gyara zaman hularsa. Ya ce, ba da ni ba, da hanya, "A ƙara wuta mana, za a riga mu."

Na ƙara.