Yayana Mai Takalmin Taya da Mutumin da Ya Raba Ni da Shi

Bana shekara hamsin da bakwai ke nan da rasuwar yayana Haladu, wanda manoma daga Funtua har Kafur suka sani da Haladu Mai Taya. Na kai shekarun da ya kamata a ce zuciyata ta huce a kan komai. Haƙora sun zube, ido ya yi rauni, amma akwai abu ɗaya da ya ƙi tsufa a jikina, shi ne kishi. Wanda ya ce kishi kumallon mata ne bai taɓa zama ƙanen mutumin da kowa ke so ba.

Jikata Rabi, mai karatu a Zariya, ita ta fama mini tsohon miki. Ta zo hutu sanye da wasu takalma masu kyan maɗauri, na ce ta miƙo in gani, don baduku ko ya makance hannunsa na gani. Ina shafa ƙasan sai na ji zanen taya a yatsuna. Ta ce, "Kaka, su ake yayi yanzu. Da tsohuwar taya ake yin su, don a rage shara, a kare muhalli." Na ce madalla. Ban gaya mata cewa a kan irin wannan takalmin aka taɓa korar wani ɗan gidanmu daga zauren ubansa ba.

Mu dukawa ne kaka da kakanni. Babanmu takalmin fata yake ɗinkawa, na malamai da fatake da angwaye, kuma mu biyu ya zaunar a gabansa, Haladu a dama, ni Sule a hagu. Haladu ya fi ni hannu, wannan ban taɓa musu ba. Amma idonsa kullum yana waje. Shekarun nan na bayan samun 'yancin kai, da kaka ta yi sai manyan motoci su cika Funtua suna jigilar auduga zuwa wurin gurza, tayar da ta mutu kuma a wurgar da ita bayan tasha, ruwa ya kwanta a ciki sauro ya yi gida. Wata rana sai ga Haladu yana gangaro da guda har ƙofar zaure. Ya ce manomi ba ya iya sayen takalminmu, in ma ya saya damina ɗaya ta ruɓar da shi, ga ƙarfi kuwa a zube a juji babu mai so.

Baba ya dube shi ya dubi tayar, ya ce, "Mu fata muka gada, ba juji ba. In ita ka zaɓa, ba a zauren nan ba."

Haladu ya ɗauki wuƙarsa da basillarsa ya koma gindin wata tsamiya kusa da tasha. Ni kuwa aka matso da buzuna zuwa dama. Na ɗauka na ci riba.

A gindin tsamiyar nan Jatau ya same shi. Jatau Bamaguje ne, manomi daga wani ƙauye a bayan Kafur, dogo, baƙi duk da sunan nasa, mai dariya kamar ana fasa itace. Ya kawo auduga, yana ɗingishi, tushiyar kara ta huda masa tafin ƙafa a gona. Ina wurin, an aike ni da saƙon Inna. Da idona na ga yayana ya durƙusa, ya wanke ƙafar mutumin da bai taɓa gani ba, ya ɗaure ta da ƙyalle, sannan ya ɗora ta a kan taya ya zagaye da gawayi. Ya yanke, ya kankare, ya sa maɗauri na robar ciki. Jatau ya taka, ya sake takawa, ya ce, "Kai, wannan ai ƙaya ma sai ta nemi izini!" Suka bushe da dariya su biyu. Ni ban ga abin dariya ba, kuma ban san a ranar aka fara raba ni da yayana ba.

Kafin wata kaka, rabin ƙauyen su Jatau sun taka taya. Haladu ya sayi keke, yana ɗaure takalma a baya yana cin kasuwar Malumfashi da ta Kafur, kuma in ya tafi, a gidan Jatau yake sauka. Sun ware masa ɗaki, sun ware masa tukunya da buta, in za a yanka kaza shi ake miƙa wa wuƙa don ya samu ya ci. In ya dawo gida, duk hirar Jatau ce. Jatau ya ce kaza, Jatau ya noma kaza. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. To, ni na ga inda ƙafar yayana take zuwa, ba kuwa ɗakina ba ne, ga shi katanga ɗaya ce tsakaninmu.

Na riƙa lallashin kaina da cewa ai ni nake da Baba. Sai wata damina na bi shi gonarsa ta hanyar Maska in kai masa fura. An kwana ana ruwa, hanya duk laka, sai na ga wani sawu a gabana, sawun mutum amma da zanen tayar mota. Na bi shi har cikin dawa, na tarar da mai sawun a sunkuye yana cirar ciyawa. Baba ne. Ya ga inda idona ya tsaya, bai ko ji kunya ba. Ya ce, "Sule, ƙafa ba ta san gado ba." Bai mayar da Haladu zaure ba, girma ya hana, amma daga ranar in Jatau ya kawo damin dawa ko ƙwaryar zuma ya durƙusa ya ce "Baba, ga na ɗanku," sai tsohon ya karɓa yana sa albarka.

Na yi nawa ƙoƙarin. Gabanin wata Babbar Sallah na zauna na ɗinka wa Haladu takalmin da ban taɓa yin kamarsa ba, kuma ban sake ba. Jar fata ce mai laushi, na yi mata ado da kore, ɗinki ƙanana kamar jerin tururuwa. Ya karɓa ya daɗe yana juyawa, ya ce, "Ashe ka wuce ni." Ya sa su ya je Idi. Ranar na yi barci mai daɗi. Ba a yi nisa ba, ranar wata kasuwa, na hango takalmana suna tahowa a ƙafar Jatau, faso da ƙura da komai, wai za shi neman aure wa ƙanensa.

Na sami yayana a gindin tsamiya, na ce, "Yaya, takalmin da na ɓata ido a kansa?"

Ya ajiye wuƙa ya ce, "Sule, mutumin nan ya ba ni ɗaki, ya ba ni amana. Na duba ɗakina kaf, aikinka ne abin da ya fi komai kyau. Da me kake so in ba shi?"

Har yau ban san ko yabona ya yi ko marina ba. Naka sai naka, daɗin zama sai bare, in ji masu magana. Ni rabin farko aka bar mini, Jatau ya kwashe na biyu.

Da bazarar da sanƙarau ya ratsa ƙauyukan nan, Haladu yana can. Ciwon ya kama shi a gidan Jatau, bai kuwa ba shi lokaci ba. Jatau, da ba ya salla, shi ya ruga ƙauyen gaba ya ɗauko liman don a laƙƙana masa kalmar shahada. Shi ya ba da sabon farin ƙyallen da ya ajiye aka yi likkafani. Kafin saƙo ya iso Funtua mu sami mota, an riga an yi masa sutura a maƙabartar Musulmin ƙauyen limamin, wadda ake hangowa daga gonar Jatau. Na isa na tarar da tudun ƙasa da ƙaya a kai.

Na ja Jatau gefe, na yi masa tambayar da take ƙona ni tun a hanya. Na ce, "Da zai cika, ya ambace ni?"

Idonsa jawur, ya ce, "Ƙanena, ba zan yi maka ƙarya a kan mamaci ba. Ruwa ya nema, na ba shi. Ya riƙe hannuna, ya yi salati."

Wani zai ƙirƙiro mini kalma ɗaya in riƙe. Jatau bai iya ƙarya ba, kuma ina jin abin da yayana ya gani a wurinsa ke nan. Wannan ma bai sa na ji sauƙi ba.

Ina yawan tunanin me Haladu zai ce da ya ga yau. Silifas ɗin roba da ake sawa wata biyu a yar sun toshe magudanan Funtua, leda ta rataye a kowace ƙaya, akuyoyi na ci suna mutuwa. Zai yi tsaki. Amma da ya ga 'yan jami'a suna taƙama da abin da aka kore shi dominsa, har da ba shi suna mai daɗi, zai yi dariya har da hawaye. Shi bai san kalmar muhalli ba. Abin da ya sani, almubazzaranci haramun ne, kuma ƙafar talaka ma ƙafa ce. Takalmin fatarmu ya ja baya, zauren Baba ya zama shagon cajin waya, amma je ka kowace kasuwar ƙauye a ƙasar nan, za ka tarar da wani a gindin bishiya yana yanka taya, ga manoma sun kewaye shi. Ba su san wanda ya fara a nan ba. Sana'ar da na gada ta mutu a hannuna, wadda ya tsinta a juji tana nan da ranta. Ko a nan ya fi ni.

Bayan rasuwarsa da shekaru, ina tsaye a kasuwar Kafur sai na ji an ƙwala kira a bayana, "Malam Haladu!" Na waiwaya kamar wawa, ina neman fuskar da na san tana ƙarƙashin ƙasa. Wanda ya amsa wani dattijo ne mai furfura da farar hula. Jatau ne. Ashe ya musulunta, da liman ya tambaye shi sunan da yake so, bai ko yi tunani ba. Ya riƙe sunan har ya mutu, 'ya'yansa da jikokinsa kuma da shi ake kiransu har gobe, gidan Haladu. An ce shi ya roƙa a binne shi kusa da abokinsa, aka kuwa cika masa.

Ina yi musu addu'a su biyu, don ba yadda za a yi ka tsaya a kan ɗaya ba ka tsaya a kan ɗayan ba. Allah Ya jiƙansu, Ya sa sun huta. Ni dai roƙona bai da yawa. In an tashe mu aka haɗa mu a inuwa ɗaya, Jatau ya ji tausayin tsoho ya ɗan matsa, in zauna kusa da yayana.